Mai Sakace da Ramuka Goma

Yayana bakanike ne, kuma a shekara talatin da ɗaya da ya yi yana haɗa injin mota bai tara komai ba sai suna. Har yau haya yake zaune, ɗaki biyu da falo a saman wani shagon ɗinki. Motocin mutane yake tayarwa, shi kuwa da keke yake zuwa aiki. Amma duk injin da ya fito daga hannunsa, mai motar kan manta hanyar gareji. Sunan nan ne aka ƙwace masa da rana tsaka yana tsaye yana kallo, kuma tunda shi ya ƙi buɗe baki, ni zan buɗe. Ni ne autan gidanmu, direba ne ni, magunguna nake rarrabawa a motar kamfani, kuma kowa ya shaida ko rabin haƙurin Yaya ban samu ba.

Innarmu takan ce wata goma Yaya ya yi a cikinta, tara na halitta, ɗaya na duba hanya. Haka ya taso. Idan aka ba shi tsintar shinkafa, sai an ƙwace farantin da ƙarfi kafin a ɗora tukunya. Matarsa ma ta ce ranar da ya fara zuwa gidansu, sai da ya gyara ƙofarsu da ke ƙara, ya buɗe ya rufe sau uku, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ta ce a ranar ta san irin zaman da za ta yi, kuma ta amsa da idonta a buɗe.

Wanda bai taɓa ganin cikin injin ba, bari in yi masa bayani yadda Yaya ya yi mini. Injin kashi biyu ne. Akwai gangar jiki, wadda bakanikai ke kira bulok, akwai kuma kan da ake kifawa a samanta. Tsakaninsu ake shimfiɗa gasket, wani siririn faifai da ke hana ruwa da mai da wuta haɗuwa. Dogayen notuna goma ne ke matse kan da gangar jikin, kowanne yana shiga raminsa a cikin bulok. Ramukan nan ba su da mafita ta ƙasa, kamar rijiya suke. Duk lokacin da aka cire kan injin, baƙin mai da ruwan lagireto da tsatsa da guntayen tsohon gasket sai su gangara ciki su kwanta. Faɗin ramin bai kai yatsa ba, zurfinsa ya fi tsawon yatsa, ciki kuwa duhu. Yawancin bakanikai ko kallonsa ba sa yi. Su goge saman bulok, su ɗora sabon gasket, su zura noti su ɗaure, su wanke hannu.

Yaya kuwa a kan ramukan nan goma yake ƙarar da safiya guda. Da farko ya zuƙe abin da ke ciki da sirinji mai siririn bututu a baki. Sannan ya ɗauko wani tsohon noti da ya tsaga wa layi uku a jiki da zarto, ya murza shi cikin ramin da hannu, a hankali, ya fito da shi cike da baƙin datti, ya goge, ya sake. Daga nan ya zuba ɗan fetur, ya zura bututun iska har ƙasa, ya toshe bakin ramin da tsumma don kada dattin ya fantsama cikin injin, ya hura. Sai kuma ya naɗa farin ƙyalle a kan waya ya tura. Idan ƙyallen bai fito fari ba, aiki ya koma farko. A ƙarshe ya haska tocila, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa. Abokan aikinsa suka ce wannan ai sakace yake yi wa injin, kamar wanda ya ci nama ya maƙale masa a haƙori. Tun daga nan sunansa na yanka ya ɓace a garejin, kowa sai Mai Sakace. Bai taɓa jin haushin sunan ba, har amsawa yake yi da fara'a.

Na taɓa tambayarsa ko duk wannan wahalar ta zama dole. Bai ɗago ba ya ce, "Auta, datti a rami maƙaryaci ne. Kana ɗaurewa, sifanar awo ta yi ƙas, ta ce noti ya kai. Alhali datti ne ya riƙe shi, kan injin bai matsu ba. Bayan wata shida gasket ya ƙone wa mutum a tsakiyar hanya da iyalinsa a mota."

Na ce, "To idan ruwa ne fa?"

Ya ce, "Wannan ya fi muni. Ruwa ba ya matsuwa. Ka tura masa noti, ba shi da inda zai je, sai ya nemi hanya ta jikin ƙarfe. Bulok ya tsage, injin ya mutu."

Abin da ke ba ni haushi da irin wannan aiki, ba a ganinsa. Wa zai zo ya gode maka saboda motarsa ba ta lalace ba? Bakaniken da ke gefensa ya haɗa injin uku kafin Yaya ya gama ɗaya, bayan wata takwas motocin ukun su dawo suna tafasa, a ce kai, wane akwai farin jini, mutanensa ba sa yin nisa. Na Yaya kuwa su tafi shekara biyar ba a ji ɗuriyarsu ba, sai a ɗauka ba shi da jama'a.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiyar, wato mai garejin, dattijon da ya ɗauki Yaya aiki tun gemunsa bai fito sosai ba. Shi ma bakanike ne da ya sha baƙin mai. Duk injin da ya ji tsoronsa, sai ya ce a kai bencin Mai Sakace, can ƙuryar da ke kusa da taga. Shekara da shekaru bencin nan na Yaya ne, ko sifana ba mai ɗauka a kai sai da izininsa. Sai ciwon suga ya kwantar da dattijon, ido ya yi rauni, ƙafa ta kumbura, ya miƙa garejin ga mijin 'yarsa.

Surukin nan, wanda ya ce a riƙa kiransa Manaja, labule yake sayarwa kafin nan. Ban raina sana'ar labule ba, amma labule idan ka rataya shi a karkace ba ya kashe kowa. Da farar riga yake shigowa gareji, yana ɗage ƙafa kamar mai tsallake kwata. Ya kafa allo a bango yana rubuta awannin da kowane aiki zai ɗauka, kuma ba abin da ya fi so irin ɗaukar hoton aiki da waya ya tura wa masu motoci su ga yadda wurin ke ƙyalli. Yakan tsaya bayan Yaya, hannu a aljihu, ya ce, "Baba Sakace, wankin hular nan fa zai kai mu dare." Yaya ya yi murmushi ya ci gaba da murza notinsa.

Akwai wata likita da ta yi shekara goma sha biyar tana kawo wa Yaya mota. Wannan karon motar mahaifinta ta kawo, wanda ya rasu, tsohuwar mota da aka daina yin irinta. Ta ce ba don tsada take sonta ba, a cikinta aka riƙa kai ta makaranta. Ta ce wa Manaja a gaban kowa, "Mai Sakace nake so ya yi, ko wata biyu zai ɗauka." Yaya ya sauke injin gaba ɗaya, ya ɗora bulok a kan tsayuwarsa ta ƙarfe kusa da benci, ya yi sati biyu yana bin sa gaɓa-gaɓa. Ranar da zai ɗora kan injin, ya share ramukansa goma da safe, ya leƙa kowanne, ya lulluɓe bulok ɗin da wani tsohon zanen gado mai tsabta, ya soke gefunan a ƙasa yadda ya saba, ya tafi cin abincin rana.

Ni a ranar na kawo motar kamfaninmu canjin mai, don da garejin kamfanin ke hulɗa. Na iso bayan ya dawo daga cin abinci. Na tarar an wanke daɓen wurin tas, yana sheƙi, Likita na zaune a kujerar roba, Manaja na tsaye yana zuba mata bayani kamar shi ya ƙera motar. Yaya ya yaye zanen, ya ga komai yadda ya bari, a bushe. Na ga ya kai hannu aljihun ƙirji inda tocilarsa take. Manaja ya ce, "Baba, Likita fa tana da marasa lafiya suna jira, ta zo ne ta ga an ɗora kan nan da idonta. Ba da safe ka gama sakacen ba?" Likita ta yi dariya, sauran bakanikai suka yi dariya. Yaya ya sauke hannunsa.

Ya shimfiɗa gasket, aka taya shi ɗora kan, ya shafa wa notuna mai ya zura su. Ya fara ɗaurewa daga tsakiya yana fita gefe, zagaye na farko a sassauce, na biyu da ɗan ƙarfi. A zagaye na uku, a kan noti na tara, can kusurwar baya, sai aka ji wata ƙara da ba ta sifana ba. Ba ta da ƙarfi, kamar an taka busasshen kara. Wanda bai sani ba ba zai ko waiwaya ba. Amma na ga bayan Yaya ya sanƙare. Ya ajiye sifanar, ya durƙusa, ya haska gefen bulok ɗin. Wani siririn layi ya bayyana a jikin ƙarfen, ɗigon ruwa na tsattsafowa ta ciki.

Likita ta taso ta ce, "Mene ne?"

Yaya ya ce, "Bulok ya tsage, Likita. Akwai ruwa a ramin."

"Ana gyarawa?"

"A wannan wurin, a'a."

Ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta kalle shi ta ce, "Kai ne ka share? Kai ne ka ɗaure?"

Ya ce, "Ni ne."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Saboda kai na kawo ta nan." Ta ɗauki jakarta ta fita. Manaja ya bi ta da sauri yana ba ta haƙuri, kuma da kunnena na ji yana cewa tsufa ne, ya daɗe yana lura idon Baba ya fara tafiya, kunyar surukinsa ce ta hana shi magana.

Kwana biyu kaina a ɗaure. Mutumin da na sani ko kofin shayi ba ya zuba wa ruwa sai ya leƙa cikinsa, ta yaya zai bar ruwa a rami? A rana ta uku na tsaya sayen burodi a kan layin garejin, sai ga mai wankin motocin wurin ya ja ni gefe. Dattijo ne shi ma, yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma babu mai girmama Yaya kamarsa, don Yaya ne ya roƙa aka ɗauke shi aiki. Ya gaya mini abin da ya faru. Da Yaya ya fita cin abinci, Manaja ya ji Likita na hanya, sai ya ce a wanke daɓe, a kuma watsa wa bulok ɗin ruwa ya yi ƙyalli don a ɗauki hoto. Mai wanki ya ce a jira Mai Sakace. Manaja ya ce shi ne mai garejin ko Mai Sakace?

"Wallahi na kiyaye iya sanina," in ji shi. "Na cusa tsumma a manyan ramukan fistin, na goge su da mai bayan na gama, na busar da saman da iska. Ƙananan ramukan nan ban kawo su a raina ba. Kuma na san ba ya son a taɓa masa kaya, shi ya sa na mayar da zanen daidai yadda ya sa, har sokewar gefen."

Ka ji fa. Da a ce ya yi wa zanen riƙon sakainar kashi ya jefa shi a karkace, da Yaya ya gane an taɓa. Ladabin bawan Allah ne ya rufe ɓarnar.

Ban ko koma mota ba, na nufi gidan Yaya. Na haura matattakalar da biyu-biyu. Na same shi a falo yana gyara wa jikarsa takalmin makaranta, matarsa na ninke wanki. Na zazzage musu labarin ina haki, ina jiran ya miƙe.

Ya ce, "Na sani. Mai wankin ya gaya mini tun a ranar."

Na ce, "Ka sani? Ka sani ka bari ana shafa maka kashin kaji?"

"Idan na faɗa, wa kake jin za a kora? Mijin 'yar mai gareji, ko gurgun da ya riƙe tiyo? Manaja zai ce daɓe kawai ya ce a wanke. Wa ya ji su?"

"To sai kai ka ɗauka?"

Ya ajiye takalmin. "Auta, na shigo na ga ƙasa a jiƙe. Wanda ya ga ƙasa a jiƙe kusa da buɗaɗɗen injin, ya kamata ya tambaya. Hannuna ya kai kan tocila, aka yi dariya, na sauke. Shekara talatin ana yi mini dariyar nan ban sauke ba sai ranar. Wanda ya ɗaure noti shi ne na ƙarshe da zai leƙa rami. Ban leƙa ba."

Matarsa ta ce, "Ka gani ko? Kwana uku ke nan ina fama. Ni na gaji, kai ma gwada taka, tunda bakinka ya fi nawa kaifi."

Na gwada. Na ce masa wannan ba gaskiya ba ce, girman kai ne ya sa rigar haƙuri. Na ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma shi kurar har godiya take yi. Na faɗi maganganun da ƙane bai kamata ya faɗa wa wansa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce abu ɗaya yake roƙona, kada in je garejin in yi hayaniya, don abincin mai wanki na hannuna. Ya ɗaure ni da wannan, kuma ya san ya ɗaure ni.

Amma bai hana ni zuwa wurin mai gareji ba, don bai yi zaton zan je ba. Washegari da hantsi na same shi a barandar gidansa, ƙafa a kan matashi, 'yarsa ta kawo masa magani ta koma ciki. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa, na faɗa masa komai, na roƙe shi ya rufa wa mai wanki asiri. Ya saurara ido a lumshe.

Ya ce, "Ɗana, tun da aka ce mini Mai Sakace ya bar ruwa a rami na san akwai magana. Ko a mafarki ba zai bari ba."

Raina ya yi sanyi. Na ce, "To Baba, kalma ɗaya taka ta isa. Ka kira Likita, ka kira ma'aikata."

Ya kalli ƙofar da 'yarsa ta shiga. Can ya ce, "In kira su in ce mijin 'yata maƙaryaci ne? A gidan nan suke zaune. Ita ke wanke mini ƙafar nan safe da yamma. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce, "Shi Yaya fa, Baba? Hannun wa ye?"

Cewa kawai ya yi in gaishe da Yaya, in ce masa ya yi haƙuri, Allah na gani. Na tashi ba tare da na yi sallama ba, kuma har yau ban yi nadamar hakan ba. Manaja ban taɓa sa ran alheri daga gare shi ba, bai san abin da ya ɓata ba. Wannan dattijon ya sani sarai, ya auna, ya zaɓa.

Ba a kori Yaya ba, sun fi haka wayo. Manaja ya kira shi ofis ya ce saboda girmansa da lafiyar idonsa, an ɗauke masa wahalar injin, zai koma ɗakin ajiya ya riƙa miƙa wa bakanikai sifana yana karɓa. Aka ba wani bencinsa na kusa da taga. Sati uku ya yi a ɗakin nan da ko taga babu, yana jin ana ɗaure notuna a waje. Matarsa ta ce a satin nan uku ko rabin abincinsa ba ya ci. Ranar wata Asabar ya jera sifanun a kan ƙusoshinsu, ya share ɗakin, ya miƙa mabuɗi, ya tura kekensa ya fito. Ba wanda ya raka shi bakin ƙofa sai mai wanki.

Yanzu a ƙarƙashin matattakalar gidansu yake, gefen shagon ɗinkin, yana gyara janareto da injin ban ruwa da keken ɗinki. Yana samun na abinci, ban ce yana yunwa ba. Amma ba mai kawo masa mota. Labari ya riga ya zaga cewa Mai Sakace ya tsufa, ya fasa wa wata likita injin. Na taɓa ganin Likitar a asibiti ina sauke kwalaye, ta gane ni, ta kau da kai. Mai wanki kuwa bara ɗansa ya ɗauke shi ya koma wurinsa da zama, don haka babu sauran wanda maganata za ta raba da abincinsa. Na gaya wa Yaya haka. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, bulok ba zai haɗe ba don an yi magana.

Ni kuwa dole nake zuwa garejin duk wata, tunda ba ni ke zaɓa wa kamfani wurin gyara ba. Watan jiya ina zaune ina jiran a gama canjin mai, sai na lura da wata sabuwar takarda a bango, an lulluɓe ta da leda, da sa hannun Manaja a ƙasa. Doka ce. Ta ce daga yau duk wanda zai ɗora kan injin, dole ya zuƙe ramukan noti, ya bi su da tsagaggen noti, ya hura iska, ya gwada da farin ƙyalle, ya haska tocila kafin ya shimfiɗa gasket. Ko jerin bai canza ba. A sama an rubuta cewa sabon tsari ne da shugabancin gareji ya kawo don inganta aiki.

Ina cikin karantawa na ji muryar bakaniken da ya gaji bencin Yaya. Yana magana da wani sabon ma'aikaci, magidanci da ya zo daga wani gareji, wanda bai taɓa ganin Yaya ba. Mutumin ya ɗauko gasket zai shimfiɗa, sai ya riƙe masa hannu.

Ya ce, "Tsaya, malam. Leƙa ramukan tukuna. Nan ba a yi mana irin ta Mai Sakace."

Sabon ya ce, "Wane ne haka?"

"Wani tsoho ne da aka yi a nan. Bai share rami ba ya ɗaure, ya fasa bulok ɗin mutane."

Wanda ya faɗi wannan shekara goma sha biyu ya yi a gefen Yaya. Da bakinsa ya sha yi masa dariyar sakace. Na miƙe, na buɗe baki, sai na ga duk sun juyo suna kallona kamar wanda zai tayar da rigima a kan canjin mai. Na rasa ta inda zan fara. Na koma na zauna ina kallon sabon yana bin ramukan, har aka gama canjin mai, na karɓi mabuɗin motata na fita.

Kai tsaye na wuce wurin Yaya. Yana zaune a kan ɗan benci, ya kwance wani janareto, sassan a jere a kan kwali. Na tsaya a kansa na faɗa masa duka, takardar da sa hannun, da maganar da aka yi kalma da kalma. Ban rage komai ba, don so nake ya ji zafin da nake ji, ko sau ɗaya ya zagi wani. Hannunsa ya tsaya a kan aikin. Maganar ta shige shi, ni shaida ne.

Da ya ɗago sai ya ce, "Shi sabon, ya leƙa?"

Na ce, "Yaya, ka ji abin da na ce kuwa? Da sunanka suke..."

"Na ji. Tambayarka nake, ya leƙa ramukan?"

Na ce, "Ya leƙa."

"Duka goman?"

"Duka goman. Har da tocila."

Ya gyaɗa kai, ya jawo kwalin kusa da shi. Ya ce, "To matsa daga nan, Auta, ka tare mini haske."